Kwalliyar da Ta Kusa Raba Khala da Mijinta

Shekarata ta biyu ke nan ina aikin gashin ƙashi a wani asibiti da ke unguwar Bani Malik a Jidda lokacin da aka turo mini wani dattijo a kan keken marasa lafiya. Dogo ne, baƙi, gemunsa fari fat, hannunsa na dama yana ta karkarwa a kan cinyarsa. Na duba fayil na ga an rubuta Ba'amurke, sai na gyara murya na zuba masa Turancina na ranar Sallah. Ya bar ni sai da na kai aya, sannan ya ce, "Sannu da aiki, 'yata. Ya gajiya?"

Wallahi saura kaɗan fayil ɗin ya suɓuce mini. Hausa ce sosai, sai dai ta ɗan karkace a bakinsa kamar ta mai tauna goro. Matar da ke tura keken, wata 'yar tsamurmurar tsohuwa cikin baƙar abaya, ta ƙyalƙyale da dariya har tana dafa bango.

Ta ce, "Kullum haka yake wa mutane, ya binti, 'yata. Tun daga bakin ƙofa ya ji kina waya da Hausa, ya ce in yi shiru."

A ranar ta ce in riƙa kiranta Khala, wato inna da Larabci, yadda 'ya'yan unguwarsu ke yi. Haifaffiyar Jidda ce. Kakanta ne ya taso a ƙafa daga ƙasar Haɗeja don sauke farali, ya zauna bai koma ba, ita kuma ba ta taɓa ganin Nijeriya ba duk da koren fasfon da take riƙe da shi. Maigidan nata, wanda duk unguwarsu ta Hindawiyya ke kira Baba Soja, ya musulunta ne a can ƙasarsu bayan ya dawo daga yaƙin Biyatnam. Ya zo Jidda aikin gyaran injina, ya yi abota da yayan Khala a masallaci, aka ba shi ita. Sun haura shekara arba'in tare. Allah bai ba su haihuwa ba, amma shi yana da 'ya ɗaya a Amurka daga aurensa na fari.

Kafin wata uku na zama 'yar gida. Duk Juma'a in na fita daga masaukinmu na ma'aikata, Hindawiyya na nufa, in hau benen nan mai ƙunci zuwa hawa na ɗaya, in tarar Khala ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka. Baba yana kirana "Likita" don ya san ba likita ba ce ni, ni kuma ina ce masa Hausarsa ta 'yan koyo ce. Ya ce shi ya fara Hausa tun ba a haife ni ba, saboda haka in shiga taitayina. Khala tana gefe tana ba shi a baki in hannun ya ƙi, tana ce mana, "Halas, ya isa, ku bar abinci ya wuce tukuna."

Ciwon karkarwa ne ke damunsa, irin na jijiya wanda ke daskarar da mutum a hankali, ga kuma ciwon suga a kai. Ina ganin jikin yana ja baya, amma ban san ya kai inda ya kai ba sai ranar da na ga wani ƙaton kumburi a ƙugunsa. Na matsa wa Khala da tambaya har ta faɗa mini. Ya zame ne a banɗaki da hantsi, ta yi ta yi ta kasa ɗaga shi, ya kwanta a kan tayil har aka taso daga sallar Azahar ta samu maza biyu suka shigo.

Da 'yar tasa ta ji labari ta kira ta bidiyo, ni ce tafinta don Khala ba ta jin Turanci. Baiwar Allah ba ta zo da faɗa ba, kuka ma take yi. Ta ce ta nemo wa mahaifinta gurbi a gidan kula da tsofaffin sojoji kusa da ita, bayan Babbar Sallah za ta zo ta tafi da shi. Gidan shi kaɗai zai karɓa. Bizar Khala kuwa, in ma za a samu, sai an yi shekaru ana bin takardu. Na juya maganar zuwa Hausa ina jin ɗacinta a bakina. Khala ta ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri," ta tashi ta shiga kicin, ta daɗe tana wanke tukunyar da na ga ta riga ta wanke.

Abin da ya buɗe mana hanya hira ce kawai. Ina murza masa kafaɗa a asibiti ina mitar ƙanena da ke noma a gida, yadda yake feshin maganin ciyawa ba takunkumi ba safar hannu, in jarkar ta ƙare ya ɗauraye ta ya zuba ruwan sha. Sai na ji kafaɗar Baba ta ƙage a hannuna.

Ya ce, "Ki kira shi yau ki ce ya jefar da jarkar nan. Mu ma haka muka yi."

Bai taɓa yi mini zancen yaƙin ba sai ranar. Ya ce jirage ne ke bi ta kan daji suna feshi don ganye ya zube a ga masu ɓuya. Kwana kaɗan sai dajin ya koma ƙirare. Su suna ƙasa abin na sauka a kansu kamar yayyafi, suna shan ruwan rafin wurin. Durom-durom ɗin maganin, masu ratsin ruwan lemo a ciki, in sun ƙare sai su yanke su su tara ruwan wanka. An ce musu ciyawa kawai yake kashewa.

A motar asibiti da ke mayar da mu masauki na shiga bincike a waya. Jama'a, abin da na gani! Ashe tuni gwamnatinsu ta amsa cewa feshin nan yana jawo cututtuka, har ta jera su. Ga ciwon karkarwa, ga ciwon suga, duk biyun suna ciki. Wanda ya yi aikin soja a wurin ba sai ya kawo hujjar cewa maganin ne ya ja masa ba. Kuma ko a wace ƙasa yake zaune za a ɗauki nauyin maganinsa a can, in ba ya iya kula da kansa a ƙara masa abin da zai ɗauki mai jinya. Ban san lokacin da na buga ihu na ce "Allahu Akbar!" ba. 'Yan Filifin da ke kujerar gaba duk suka waiwayo, direba ya taka birki yana tambaya ko lafiya. Na ce ya sauke ni, na tari tasi sai Hindawiyya, da kayan aikina a jikina.

Na hau benen nan bibbiyu. Ina shiga na ce, "Khala, Baba ba ya zuwa ko'ina! Ba inda za shi!" Sai da ta zaunar da ni ta ba ni ruwa kafin maganata ta fito a jere. Baba ya saurare ni har na gama. Ya ce ya taɓa jin ƙishin-ƙishin, amma shi ba ya son duk abin da zai sake haɗa shi da yaƙin nan. Na ce, "Baba, ai ya riga ya haɗa ku, ga shi nan a hannunka yana rawa." Ya dubi hannun ya yi dariya, ya ce wa Khala ta sauko da gwangwanin alawar da ke saman kwaba. Takardar sallamarsa daga soja tana ciki, ta yi ja don tsufa, amma komai na karantuwa.

Makonni muka yi muna cike fom, ni da 'yar tasa ta waya. Ita ma ta yi murna ƙwarai, don ba ta taɓa sanin an yi feshin a kansa ba. Ta ce in aka samu mai jinya da magani, ita ba ta da dalilin raba shi da matarsa. Can sai ga saƙo: ofishin tsofaffin sojojin ya wakilta wani likita a wani asibiti a unguwar Safa a nan Jidda, zai duba Baba ya rubuta musu yadda ciwon ya kai.

To, a nan ne muka tafka ta, kuma har da ni a ciki, ba zan ɓoye ba. Ranar ina da aiki, na nemi canji ban samu ba. Amma jajibirin ranar na je gidan, ni da hannuna na goge masa farin tobinsa, jallabiyar nan ta Larabawa, har da feshin sitaci. Na kawo turaren da nake ɓoyo don Sallah. Na ce wa Khala, "Ki shirya shi sosai fa, manyan mutane za a gani, kada a raina mu." Ni da na yi shekara goma sha ina aikin asibiti, ni na faɗi haka.

Khala kuwa ta ɗauki maganar da hannu biyu. Ta kira wanzami ya gyara masa gemu. Ta san maganin karkarwar yana ba shi kamar awa biyu na sakewa, sai ta jinkirta shi ta ba shi daidai lokacin da zai kama jiki suna gaban likita. Da suka isa Safa ta ce wa mai tasi ya bar keken a but ɗin mota. Suka tallafe shi har bakin ofis, daga nan ya miƙe ƙirji ya shiga da ƙafarsa.

Da la'asar na iso na tarar gidan kamar an yi suna. Khala ta soya sambusa, maƙwabta mata sun cika falo. Ta tare ni tun daga ƙofa.

Ta ce, "Ya binti, da kin ga Alhaji yau! Wallah kamar ango. Daktor ya ce ya ɗaga hannu, ya ɗaga. Ya ce ya taka, ya taka har bango ya dawo. Ko sau ɗaya bai ba mu kunya ba."

Na ce, "Ya tambaye ku yadda ake fama a gida?"

"Ya tambaya mana. Na ce alhamdulillah, da sauƙi, mun gode Allah."

Na tafa, na ce madalla, na ci sambusa biyar. Ko a jikina ban ji wani abu ba. Baba yana ɗaki a kwance, tafiyar nan ta bango da dawowa ta karya shi har kwana biyu bai iya tashi ba.

Bayan kusan wata biyu amsa ta zo. Na buɗe ta a falonsu ina murmushi, na fara karantawa da ƙarfi, sai muryata ta yi ta raguwa. Sun yarda ciwon daga feshin ne. Amma likita ya rubuta cewa ciwon bai yi nisa ba: mutumin yana tafiya ba sanda, tsaf-tsaf da shi, kuma shi da matarsa sun tabbatar yana samun sauƙi, ba ya bukatar taimako a gida. Saboda haka babu maganar mai jinya. Likitan bai yi ƙarya ko ɗaya ba, abin da muka kai masa ya rubuta.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi a gidan ba. Na ce, "Khala, me kika yi haka? Mutumin da ke kwana da zanen roba a ƙarƙashinsa kika ce da sauƙi? Kika ɓoye keke? Haba Khala!"

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Wa ya goge tobin?"

Ta gyara zama ta ci gaba, Hausa na gauraya da Larabci yadda take yi in ranta ya sosu. Ta ce aibi ne. Ta ce tun tana yarinya uwarta ta koya mata ba a kai ƙarar Allah wurin mutum, in an tambaye ka jiki ka ce da sauƙi ko da numfashi ɗaya ya rage maka. Ta ce mutumin nan ya rufa mata asiri shekara arba'in, ko da rana ɗaya bai goranta mata rashin haihuwa ba, shi ne yau za ta tsaya gaban baƙon namiji ta ce mijinta ba ya iya tsarki da kansa? Ta ce, "La, wallah. Gara su riƙe abinsu."

Na ce, "In sun riƙe abinsu, 'yarsa za ta zo ta ɗauke shi bayan Sallah. Kin fi son haka?"

Baba ne ya yi gyaran murya daga kan kujerarsa. Duk wannan hayaniya yana zaune yana jinmu.

Ya ce, "Hajiya, ni ma na ce da sauƙi. A wurinku na koya, kuma na ji daɗin faɗa. Amma ni ba zan je in mutu a hannun mutanen da ba su san yadda nake son shayina ba. Ki faɗa musu. Asirin nawa ne, na ba ki izini ki tona."

Khala ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Da ta buɗe ta ce, "Yalla, ki rubuta musu su sake dubawa."

Muka ɗaukaka ƙara, na haɗa da rahoton wurin aikinmu, aka sa mana sabuwar rana. Kafin ranar na ce sai mun yi gwaji, don na san halinmu. Na sa farar rigata ta aiki, na zauna a kan kujerar roba na harɗe ƙafa, na ƙanƙance ido na ce, "To Hajiya, ya jikin maigida?"

"Da sauƙi, alham..."

"Khala!"

"Astagfirullah. Sake."

Na sake. Ta ce da sauƙi. Na sake, ta ce jiki ya yi kyau. Baba yana dariya har hawaye, yana cewa a kawo masa bulala ya taya ni. Da na juya kansa na ce, "Kai fa, ya jikin?" sai ga shi ya ce, "Lafiya lau, Likita." Tabɗijam! Na cire rigar na jefar na ce ni na gaji da ku, ku je ku ƙarata. A ƙarshe Khala ce ta kawo mafita da kanta. Ta ce sharaɗinta biyu. Ba za ta dubi likita ba, ni za ta duba ta faɗa mini da Hausa, ni in juya masa. Kuma ba wanda zai hana ta gode wa Allah. Na ce na yarda, ki gode masa sau dubu, amma ki faɗi abin da ke bayan godiyar.

Ranar na ɗauki hutu. Na isa da sassafe na tarar ta ɗauko dutsen guga, na zare shi daga wuta na ɓoye a bayan firji. Baba ya sa jallabiyarsa ta zaman gida mai tabon shayi a ƙirji. Aka ba shi magani a lokacin da ya saba sha, ba gaba ba baya. Muka tura shi a kekensa har cikin ofis. Khala tana tafe a bayanmu tana jan mayafi kamar wadda za a kai kotu.

Wani likita ne daban, ɗan Indiya mai furfura. Ya gwada Baba, ya ce ya tashi, bai iya ba sai da na kama shi. Ya ba shi biro, biron ya yi ta bugun tebur. Sannan ya juya ga Khala ya tambayi yadda yininsu ke kasancewa. Ta juya kujerarta ta fuskance ni, ta kama hannuna biyu.

Ta ce, "Alhamdulillah, ba ya iya ɓalle maɓalli, ni ke sa masa riga."

Na juya wa likita. Ya rubuta.

"Alhamdulillah, ni ke masa alwala. Alhamdulillah, a zaune yake sallah shekara biyu ke nan. Alhamdulillah, tun azumi ya faɗi sau huɗu, biyu ban faɗa wa kowa ba, har ke."

Na dube ta, ta ƙara matse mini hannu. Ta faɗi maganar shaƙewa in yana shan ruwa. Ta faɗi maganar zanen roba, da wankin da take yi kafin maƙwabta su hau shanya don kada su gani. Ta faɗi yadda take ɗaure ƙugunta da ɗankwali kafin ta ɗaga shi, don bayanta ya daina yarda. Kowace magana da alhamdulillah take farawa, ni kuma ina juyawa hawaye na zuba a kan rigata. Baba ya sunkuyar da kai yana jin wasu abubuwan a karo na farko. Likitan ya ajiye biro ya tambaye ni kalmar da take ta maimaitawa. Na ce godiya take wa Allah. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki biron ya cika shafi uku.

A tasi, a hanyarmu ta komawa, muka wuce gadar da ke shiga cikin gari. Sai Baba ya miƙa hannun nan mai karkarwa ya ɗora a kan nata. Ta ture shi ta ce, "Aibi, a gaban yarinya." Ya mayar, ta bar shi.

Jiran amsa ya fi komai wuya. Watan Hajji ya kama, gari ya cika da alhazai, 'yar tasa ta riga ta sa ranar zuwa. Kullum in na tashi, saƙonnin Baba nake fara dubawa kafin nawa, don ya ba ni mabuɗin akwatin saƙonsa. Saura kwana tara Sallah, ina tsakiyar ɗaura wa wani Balarabe na'urar gashi a gwiwa, wayata ta yi ƙara. Na leƙa da ido ɗaya. An amince. Magani, gashi, mai jinya a gida, duka! Na ce wa Balaraben ya yi mini afuwa minti ɗaya, na fita baranda na rangaɗa guɗa, ni da ban taɓa guɗa ba ko a bikin ƙanwata. Shugabar sashenmu ta fito a guje, da ta ji dalili ta ce in tafi, za ta ƙarasa gwiwar.

Ban kira su a waya ba, so nake in ga fuskarsu. Ina shiga na ɗaga wayar sama na ce, "Baba Soja, an ci yaƙi!" Khala ta saki ludayi ta faɗi ta yi sujada a nan tsakar falo. Da ta ɗago ta saki tata guɗar, irin ta matan Jidda mai kaɗa harshe, nan da nan maƙwabta suka cika gidan, wata da kwanon dabino, wata ko takalmi babu. Muka kira Amurka muka tashi 'yar tasa daga barci. Ta yi ta ihu tana tsalle, ta ce za ta zo bayan Sallah yadda ta shirya, amma ziyara za ta zo, kuma a tanadar mata tuwon nan da take jin labari. Baba ya ce a faɗa wa mai jinyar da za a ɗauka tun yanzu, in bai iya Hausa ba zai koya a hannunsa kyauta.

Da mutane suka ragu, Khala ta yafito ni zuwa ɗaki ta tura ƙofa. Ta durƙusa ta jawo wani ƙaton akwati daga ƙarƙashin gado, sabo fil, ko ledarsa ba a gama cirewa ba.

Ta ce, "Taya ni kwashewa kafin ya gani."

Na zuge. Rigunan sanyi ne masu kauri, da safa, da hular ulu har uku. Ta ce tun ranar da 'yarsa ta yi waya take zuwa kasuwar Balad tana saye ɗaya-ɗaya, tana tambayar masu shago irin wanda ake sawa a ƙasar ƙanƙara, don ita ba ta san sanyi ba. Akwai ƙullin kuka da daddawa, da ganyen shayinsa, da takarda da ta sa wata maƙwabciya ta rubuta da Turanci yadda ake haɗa masa. Muna fitarwa tana dariya tana cewa wa zai sa wannan a zafin Jidda.

A can ƙasa na taɓa wani farin yadi a naɗe cikin leda. Na ɗago na dube ta.

Ta ce, "Likkafaninsa ne. Na kai Makka na wanke da zamzam. Na ce tunda ba ni zan tsaya a kansa ba, ko wannan ya tafi da shi."

Ta karɓa daga hannuna ta shafa shi. Ta ce in hau kujera, tsawona ya fi nata. Na hau, ta miƙo mini, ta nuna saman kwaba inda wata ledar irinta take ajiye.

Ta ce, "Sa shi nan, kusa da nawa."